Jawabin Shugaban Sashen Hoton Cikin Jiki a Bikin Ƙaddamar da Binciken Gudanar Jini a Ƙoda



Mai girma Kwamishinan Lafiya, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, Shugaban Asibiti, shehunan malamai, likitoci, malaman jinya, 'yan jarida, manyan baƙi maza da mata.

Ƙoda biyu ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa su ke karɓa, wajen lita 1 kowane minti. Gwajin jini na kiriyatinin kuwa sau da yawa ba ya tona matsala sai ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta. Mutanen Gashuwa da Haɗeja sun fi kowa sanin ɗacin wannan jinkiri.

Tun 2006 aka gano cewa allurar gadoliniyam da ake yi kafin hoton MRI na iya jawo taurin fata mai tsanani ga masu raunin ƙoda. Shi ya sa muka rungumi dabarar ASL, wadda aka fito da ita a Amurka a 1992. Maganaɗisun na'urar MRI ke sa wa ruwan jinin majiyyaci shaida, a ɗauki hoto mai shaida da marar shaida, bambancinsu ya nuna yawan jinin da ke ratsa naman ƙoda. Ba allura. Alhamdulillahi, mun horar da matasanmu, mun daidaita ɗaukar hoto da numfashi don ƙoda na motsi da shi, mun kuma bi ƙa'idojin da masana suka amince da su a 2020.

Ranka ya daɗe Kwamishina, saura wutar lantarki. Ruwan heliyam ke sanyaya maganaɗisun nan zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma injin sanyin ba ya hutu dare da rana, ko da majiyyaci ko babu. In wuta ta daɗe a ɗauke, sai heliyam ya tsiyaye, na'ura ta kwanta, sake cika ta kuma sai kuɗin waje. Malam Akanta, ajiye wayar nan, da kai nake! Kuɗin dizal ba alfarma ba ne. A ware mana layin wuta da sola, a rubuta a kasafi, ba alkawarin baki ba.

Masu zagayawa ɗakin na'urar, a bar makullai da katin ATM a waje. 'Yan sanda, har bindiga; maganaɗisu bai san muƙami ba.

Ina gayyatar mai girma Kwamishina ya yanke ƙyalle. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.