Idan aka rufe sama, wa ke kwana a filin jirgi?

 

An ce in yi magana kan yadda rikici ke dagula tafiyar jirgin sama da shirin hutu. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ko kuɗin bas zuwa Yamai sai mun yi lissafi, mi ya haɗa mu da jirgi? Ku ɗan saurare ni. Ƙasarmu ba ta da teku. Duk wanda zai fita, ko dai ya bi ta ƙasar maƙwabci, ko ya bi ta sama. Idan maƙwabci ya ja ƙofarsa, sama kaɗai ta rage, idan ita ma aka rufe ta, to ɗalibi, da maniyyaci, da maras lafiyan da likita ya yanka wa rana a Tunis, da ɗan kasuwar da ya riga ya biya kaya a Dubai, duka layi ɗaya suke da mai zuwa shan iska.

Mu koma daminar 2023, wadda ba wanda ya manta. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki, aka rufe iyakoki. Ranar 6 ga Agusta, da wa'adin da CEDEAO ta bayar ya cika, hukumomin soja suka rufe sararin samaniyar ƙasa gaba ɗaya. Kashegari kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, Bamako da Wagadugu. Ba a sake buɗe sama ga jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba.

Ku dubi kwanakin nan da kyau. Agusta ne fa, tsakiyar babban hutu, lokacin da ƴan uwanmu na waje ke kwaso iyali su zo ganin gida, lokacin da ɗalibanmu na Maroko, Aljeriya da Turkiyya ke zuwa su ci tuwon uwa kafin su koma. Akwai wanda ya shekara uku yana tara kuɗin tikitin mutum biyar don kaka ta ga jikokinta. Ya zo lafiya, komawa ta gagara. Kuma 4 ga Satumbar nan ita ce ranar da yara suka koma makaranta a Faransa a wannan shekara. Ku lissafa: uba yana Maraɗi, hutun aikinsa ya ƙare, yara ba su aji, tikitin komawa ya zama takarda. A farkon Agusta ƙasar Faransa ta turo jirage ta kwashe mutum fiye da 1000, ƴan ƙasarta da na wasu ƙasashe. Wanda ke riƙe da fasfon Nijar da takardar zama kawai, galibi sai dai ya zauna ya jira.

Mu mutanen Maraɗi da Damagaram muna da wata ƙofa da muka saba da ita, wato Kano. Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne, Kano kuwa ko sulusin haka ba ta kai ba, shi ya sa tun da can mai zuwa Jidda ko Alƙahira yakan gwammace ya tsallaka ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. A 2023 wannan ƙofar ma an garƙame ta. Najeriya ta rufe iyaka bisa takunkumin CEDEAO, ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma sai a watan Maris. Wata bakwai ke nan ƴan uwa na jini, Katsina da Maraɗi, Daura da Matamaye, suna bin ɓarauniyar hanya a kan babur don zuwa biki ko ta'aziyya. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: takunkumin da ya tare ɗalibi da majinyaci bai taɓa manyan da aka ce da su ake ba. Su in tafiya ta kama, jirgi na musamman suke hawa.

To, yaya ake rufe sama, tunda ba ta da ƙyaure? Sama ma tana da hanyoyi kamar ƙasa, kowace ƙasa kuma ita ke da ikon iskar da ke bisa kanta. Sanarwa ɗaya ake fitarwa zuwa ga matuƙa jirage, shi ke nan kowa ya kauce. A yankinmu hukumar ASECNA ke kula da zirga-zirgar, tana da babbar cibiya a Yamai, kuma duk jirgin da ya ratsa ta kanmu, ko bai sauka ba, sai ya biya kuɗin ratse. Da yawa ba su san cewa kafin Agustan 2023 jiragen da ke tashi daga Landan ko Paris zuwa Afirka ta Kudu ta kan Agadas da Damagaram suke wucewa da tsakar dare ba. A Agustan 2023 abin da ya faru ba ƙarami ba ne: Libiya tun 2014 kamfanoni da yawa ke gudunta, Sudan a rufe take tun Afrilu, ga Nijar ta rufe. Sai ya zama kamar an gina katanga daga Bahar Maliya har iyakar Mali. Jirage suka dinga zagaye, wasu ta yamma, wasu ta gabas. Zagaye kuwa mai ne, sannan ma'aikatan jirgi suna da adadin awoyin da doka ta yarda su yi a sama, ga kuɗin inshora da ke hauhawa da zarar an ambaci yaƙi. Ƙarshenta duk a kan tikitinka ake ɗorawa.

Tunda na ambaci Sudan, bari in ɗan tsaya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, kuma filin jirgi na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har jiragen fasinja da ke ajiye suka ƙone. Miƙaƙƙiyar hanyarmu zuwa Jidda ta kan Cadi da Sudan take. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna can har yau jikokinsu na jin Hausa a Mai Wurno. Yanzu jirgin alhazai shi ke kauce wa Sudan. A aikin hajjin 2023, kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya sun nemi ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowane maniyyaci saboda tsawon da hanya ta ƙara. Manomin da ya sayar da shanu ya cika kuɗin kujera, bai san janar ko ɗaya a Khartum ba, amma rigimarsu ta shiga aljihunsa.

Kar kuma a ce kamfanonin jirage tsoro ne ya yi musu yawa. A Yulin 2014 an harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukren, mutum 298 suka mutu. A Janairun 2020 an harbo na Yukren jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, mutum 176. Mu kanmu muna da namu tabon: jirgin UTA da bam ya tarwatsa a kan Tenere ranar 19 ga Satumbar 1989, da mutum 170 a ciki. In aka ce maka an soke tashi saboda tsaro, ka yi fushinka, amma ka gode wa Allah kana ƙasa.

Akwai ɓangaren hutu da ba mu cika magana a kai ba: masu zuwa hutu wurinmu. Ku tambayi dattawan Agadas. Akwai lokacin da, in sanyi ya shigo, jiragen shata ke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka a can cike da baƙi masu son ganin duwatsun Ayar da rairayin Tenere. Direba ya samu, mai raƙumi ya samu, maƙerin azurfa da mai dukanci da mai dafa abinci duka sun samu. Tawayen 2007 ya zo, aka soke tseren motoci na Dakar a 2008, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, jiragen suka ɗauke ƙafa. Da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallon sun riga sun watse. Baƙo ya canza ƙasa ya yi hutunsa a wani wuri. Direban da ya san kowace rijiya a hamada kuwa, da yawansu sai suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, tunda motar na nan, iyali kuma na jiran cefane.

Abin bai tsaya ba. A Afrilun 2025 Aljeriya da Mali suka rufe wa juna sama bayan harbo wani jirgi maras matuƙi kusa da Tinzawaten. A watan Yuni, lokacin yaƙin Isra'ila da Iran, har Ƙatar sai da ta rufe samaniyarta na ƴan awoyi, fasinjoji suka yi cirko-cirko a Doha. Mai hanyar Dubai ko Cana, wannan labarinka ne.

Ga mai shirin tafiya, kaɗan daga abin da ya kamata ya riƙe. Idan tafiyarka tana da zango, ka yanki tikiti ɗaya tun daga nan har inda za ka, kar ka yanka guntu-guntu don neman sauƙi. In tikiti ɗaya ne, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani. In biyu ne daban, na biyun ya tashi ya bar ka, asararka ce. Ka tambayi mai sayar maka da tikiti, kafin ka miƙa kuɗi, ko ana canza rana da kuma nawa ake cirewa, ya rubuta maka, kar ka yarda da "ba matsala, Alhaji". Inshorar tafiya kuma, yawancinta ba ta biyan asarar da yaƙi ya jawo, ka sa a karanta maka ƙananan rubutun nan. Wanda jirginsa ke tasowa daga Turai, dokar can ta ba shi zaɓi idan an soke tashi: a maido masa kuɗinsa ko a sauya masa hanya, sai dai ba diyya a kai in dalilin ya fi ƙarfin kamfani. Ɗalibai, ku ne na fi ji: kar ka zo hutu alhali takardar zamanka saura mata sati biyu, sabunta ta tukuna, kuma kar ka sa ranar komawarka daf da ranar rajista.

Lokacina ya cika, na ga ana ɗaga mini hannu daga baya. Mai tambaya bismillah, a fara ba ƴan uwa mata na wancan gefe.