Lissafi, Kwamfuta da Ruwan Fadama

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Gulma ya gabatar a taron ɗaliban ƙasar Argungu)



Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu wadda nake so mu duba yau. Da yawanmu kan yi rububin neman gurbi a sashen ilmin kwamfuta ko na nazarin bayanai, amma da zarar an ce ga ajin lissafi sai fuska ta ɓaci. Wasu har suna zaton na'ura ta ɗauke mana wannan nauyi. Wannan zato ba daidai ba ne, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda babban sashensa ya shafi rabon gado da wasiyya. Daga sunan malamin ne kuma Turawa suka sami kalmar algoridim, wato jerin matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala. Haka kuma Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya wallafa littafi a kan lissafin hatimi kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu ma, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello sunan masanin lissafi take ɗauke da shi, wato Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

To, mu dawo gida. Kowa a nan yana tune da ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi. Manomin Gulma tambaya biyu gare shi: yaushe ruwa zai iso fadama, kuma ina zai tsaya? Mai son amsa masa dole ya san yawan ruwan saman da ya sauka, da ranar da aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, da tsayin ruwa a gulbi kowace safiya. Sa'an nan ya yi aiki da kalkulas don ya gane saurin hawan ruwan, ya yi aiki da ilmin ƙididdiga don ya ƙiyasta sau nawa irin wannan ambaliya ke faruwa a cikin shekara ashirin. Aikin kwamfuta shi ne ta yi cikin daƙiƙa lissafin da zai ci wa mutum wata guda. In aka ɗura mata alkaluman banza, amsar banza za ta bayar, kuma wanda bai san lissafi ba ba zai taɓa ganewa ba.

Magabatanmu sai sun je Zariya, ko Sakkwato bayan an kafa jami'arta a 1975. Mu kuwa ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006, ga ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013. Uzurin nisa ya ƙare.

Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Na farko, mu riƙe darussan lissafi na shekarar farko da hannu biyu, domin tun ran gini ran zane. Na biyu, idan lokacin binciken kammala digiri ya zo, mu ɗauko matsalar daga gida. Sanda mai zanen awo a bakin gulbi, da littafin da ake rubuta tsayin ruwa kullum, sun isa a fara. Idan kowane aji ya miƙa wa na bayansa littafin, nan da shekara goma ƙannenmu za su sami abin da za su ba kwamfuta, manomi kuma ya sami gargaɗi tun shinkafarsa ba ta nutse ba.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.