Kududdufan Kano da Halittun Cikinsu

Masu binciken halittun ruwan daɗi, wato ruwan koguna da tafkuna marar gishiri, sukan gane lafiyar ruwa daga irin halittun da ke rayuwa cikinsa. A unguwannin gefen birnin Kano, kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne, suna ɗauke da kwaɗi da tarwaɗa da 'ya'yan mazari masu cin tsutsar sauro. Idan ruwan kwata da shara suka yawaita, iskar da halittun ke shaƙa a ruwan takan ragu har su ƙare, sauro kuwa ya samu sarari. Saboda haka wajibi ne masana da hukumomi su ɗauki abin da mazauna unguwa ke gani kullum a kududdufan a matsayin shaidar lafiyar ruwan.