Bulus Ya Yi Shekara Biyu Yana Jiran Shari'a: Jawabi Ga Dattawa Da Membobin Ikkilisiya

 

In kun duba Ayyukan Manzanni sura 24, za ku ga Manzo Bulus a tsare a Kaisariya har shekara biyu. Ba a same shi da laifi ba, ba a kuma sake shi ba. Gwamna Filikus yana ta aika a kawo shi, yana sa ran za a ba shi kuɗi, da ya bar kujera kuma sai ya bar Bulus a ɗaure don ya faranta wa mutane rai. Da a ƙasarmu ne yau, da an rubuta sunan Bulus cikin masu jiran shari'a.

A watan Nuwamba na 2023, Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ce akwai mutum sama da 80,000 a gidajen yarin Nijeriya, alhali wurin da aka gina bai kai na mutum 50,000 ba. Kusan biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba. A lokacin ne aka tara Naira miliyan 585 don a biya tara a saki mutum 4,068 waɗanda rashin kuɗi kaɗai ya riƙe su. Abin godiya ne. Amma 'yan'uwa, wanda ya kwashe ruwa daga ɗaki bai toshe yoyon jinka ba, damina ta gaba zai sake kwasa.

Yawancinmu mun san yadda abin yake faruwa. An kama yaro kan rigimar gona ko zargin sata. 'Yan sanda su kai shi kotun majistare da tuhumar da kotun ba ta da hurumin saurara, alƙali ya ce a ajiye shi har Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. Fayil ya tafi, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, ranar zama kuma babu motar da za ta kai shi kotu. Uwa ta sayar da akuya, ta sayar da hatsi, daga baya ta daina zuwa sujada saboda kunya. Mu kuma mukan kai sabulu da shinkafa lokacin Kirsimeti, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu koma gida. Wannan hidima ce mai kyau, kada a bari. Sai dai sabulu ba ya nemo fayil.

Abin da muke so ku riƙe shi ne, makullin yana jiha. Mun saba cewa gidan yari na Gwamnatin Tarayya ne, sai mu ɗaga hannu mu ce Abuja ta yi nisa. Amma mafi yawan waɗanda ke ciki, dokar jiha ce ta kai su, kotun jiha ce ta aika su, Kwamishinan Shari'a na jiha ne ke riƙe da fayilolinsu. Babban Jojin jiha yana da ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya riga ya wuce wa'adin da zai yi ko da an same shi da laifi. Gwamna yana da ikon yin afuwa. A watan Maris na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin doka kan gidajen gyaran hali da kafa nasu. Muna fargabar kada wannan ya ƙare a kwangilar sabbin gine-gine, a cika su kamar yadda aka cika tsofaffin.

Dokokin ma suna nan a rubuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta kuma ce majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Iyayenmu mata, ku ji wannan: dokar ta 2015 ta ce ba za a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce ba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta buɗe hanyar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin al'umma, ta kuma ba kwanturola na jiha ikon ƙin karɓar sabbin mutane in gida ya cika bayan ya sanar da Babban Joji ba a yi komai ba.

Mun san wasu za su ce mu 'yan tsiraru ne, wa zai saurare mu, gara mu yi shiru kada mu jawo wa kanmu ido. Mun fahimci wannan tsoro, ba daga sama ya faɗo ba. Amma a ɗakin da ake kwana gefe ɗaya don rashin wuri, ba a ware Musa da Markus. In muka je neman a saki namu kaɗai, za a ɗauke mu masu son kai, kuma da gaskiyarsu. Mu nemi limamai da masu unguwa da lauyoyi Musulmi masu wannan damuwa, mu shiga ofishin Kwamishina tare.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Membobi nawa ne suka kai ɗan'uwa wurin 'yan sanda kan bashin buhun taki ko iyakar gona, abin da dattawa za su iya kashewa a zama ɗaya bayan sujada? Dattawa, wannan aikinku ne. Haka nan wanda ya fito, in ba mu ba shi wurin zama a benci da abin yi ba, hanyar komawa ce muka nuna masa.

Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya, kafin taronmu na gaba, ta rubuto sunayen waɗanda ta sani suna tsare: ranar da aka kama su, kotun da ta aika su, da ranar da aka yi zama na ƙarshe. A haɗa da maƙwabta, ko wane addini suke bi. Lauyoyin da ke cikinmu za su tace, a miƙa wa ofishin hukumar ba da lauya kyauta ta jiha, a kuma kai wa Babban Joji kafin ziyararsa ta gaba. Muna neman a ware baiko na Lahadi ɗaya don biyan ƙananan tara. Muna kuma bukatar dattawa uku da mata biyu da za su je Majalisar Dokokin jiha su tambayi wakilanmu nawa aka sa a kasafin kuɗi don aikin al'umma da motar kai mutane kotu. Masu niyya su ga sakatare kafin a tashi.

Bari mu tashi tsaye mu yi addu'a domin waɗanda ke ɗaure da iyalansu.