Kuɗin Saye da Kuɗin Fansa na Takardun Lamunin Gwamnati

Takardar lamuni alkawari ce a rubuce: gwamnati ta karɓi rance daga hannun ɗan ƙasa, za ta kuma mayar masa a ranar da aka ajiye. Abin da ya kamata malamin makaranta a Kabo ko akawu a sakatariyar Gwarzo ya fara tambaya shi ne nawa zai bayar, nawa kuma zai karɓa ranar fansa.

A Amurka, a shekarar 1941, an sayar da takardar dala 25 a kan dala 18.75, bayan shekara 10 a fanshe ta a kan cikakken kuɗinta, ribar tana cikin ratar da ke tsakani. Tsarin Nijeriya dabam ne. Ofishin Kula da Basussuka na Tarayya ya fara fitar da takardun tanadi a watan Maris 2017, kowace a kan naira 1,000, mafi ƙarancin saye naira 5,000, wa'adi shekara 2 ko 3. Kuɗin saye shi ne kuɗin fansa, ba ƙari ba ragi; riba kuwa duk wata uku ake biyanta.

A nan ne lissafi yake ruɗin mutane. Ribar fitowar farko kashi 13.01 cikin 100 ce a shekara, watau wanda ya zuba naira 100,000 ya sami 13,010. Amma a wannan watan hauhawar farashi ta haura kashi 17. Gwamnati ta cika alkawari, ta mayar da kuɗin cif, sai dai darajar kuɗin ranar fansa ba ta kai ta ranar saye ba. Manomin da yake ɓoye masara da kaka ya fitar da bazara ya daɗe da sanin wannan, ko da yake shi ma yana fama da ƙwari da faɗuwar kasuwa.

Wanda buƙata ta matsa kafin wa'adi, sai ya bi ta hannun dillali ya sayar a kasuwar hannun jari, inda farashin yakan kasa kuɗin saye. Masu gudun kuɗin ruwa, kuma suna da yawa a ƙasar Kano, an fito musu da sukuk a watan Satumba 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, domin aikin hanyoyi, ana biyan su kuɗin haya duk wata shida.