Rikicin 'Yan Republican Bayan Kayen 1964



An nemi in yi magana kan rikicin da ke ɓarkewa cikin jam'iyya bayan zaɓe, tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi. Zan kai ku Amurka, shekarar 1964.

A watan Nuwamba na shekarar, Barry Goldwater, sanatan Arizona kuma ɗan takarar Republican, ya sha mummunan kaye a hannun Shugaba Lyndon Johnson. Jihohi shida kacal ya ci: tasa da wasu biyar na kudu. A Majalisar Wakilai kujerun jam'iyyar suka koma 140, Democrat na da 295. Dama tun kafin zaɓe bango ya tsage. A babban taron jam'iyya na watan Yuli a San Francisco, Nelson Rockefeller, gwamnan New York kuma jagoran masu sassauci, ya hau mumbari, magoya bayan Goldwater suka yi ta yi masa ihu. George Romney, gwamnan Michigan, kuwa ƙi ya yi ya mara wa ɗan takarar jam'iyyarsa baya.

Da aka gama ƙirga ƙuri'a sai nuna yatsa ya tashi. Masu sassauci suka ce ai ga inda tsauri ya kai mu, mutumin da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin dokar kare haƙƙin baƙar fata ta 1964, ta ina zai ci jihohin arewa? 'Yan riƙau suka ce zagon ƙasa aka yi musu daga cikin gida. Masu sassauci suka kafe sai shugaban jam'iyya na ƙasa, Dean Burch, na hannun daman Goldwater, ya sauka. Ya kuwa sauka, Ray Bliss na Ohio ya maye gurbinsa a 1965.

A nan nake so mu ɗan zauna. Wanda ya kalli lamarin a lokacin zai ce 'yan riƙau sun gama yawo, tunda kujera ta suɓuce. Sai dai an manta da mutum miliyan 27 da suka zaɓi Goldwater duk da kayen, an manta da dubban masu ba shi gudummawar kuɗi. Wani matashi, Richard Viguerie, ya je ofishin akawun Majalisar Wakilai, aka kwafo masa sunayensu da adireshinsu da hannu, ya mayar da jerin jarin aika wasiƙun neman kuɗi. Irin waɗannan mutane su ne ke cika taron mazaɓa lokacin da manya ke hutawa, su ne ke fitowa zaɓen fidda gwani, su ke zama daliget. A ganina kuskuren masu sassauci ke nan: suna da gwamnoni da attajirai, suka raina wannan aikin wahala.

Mu a nan, wanda ya faɗi sai ya sauya sheƙa ko ya garzaya kotu. Kun tuna Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi a PDP, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2017, kuma faɗan kan kujera ne, ba kan aƙida ba. Mutanen Goldwater zama suka yi cikin gidan suka jira.

Ban ce nasarar da suka samu daga baya alheri ce zalla ba. Jam'iyyar Republican ta Abraham Lincoln ta samu fararen fatar kudu, ta yi asarar mafi yawan ƙuri'un baƙar fata, har yau ba ta maido su ba.

Sauran labarin gajere ne. Ronald Reagan, ɗan wasan fim ɗin da ya yi jawabin goyon bayan Goldwater a talabijin mako guda kafin zaɓe, ya ci gwamnan Kalifoniya a 1966. A 1976 saura ƙiris ya ƙwace takara daga shugaba mai ci, Gerald Ford, wanda ya riga ya ajiye mataimakinsa Rockefeller don ya lallashi 'yan riƙau. A 1980 Reagan ya lashe jihohi 44. Rockefeller bai ga ranar ba, ya mutu a watan Janairun 1979.