CIWON SUKARI: A RAGE MALMALA, A ƘARA MIYA

Wannan shi ne jawabin da wani likita ɗan asalin Gombe ya yi wa taron fatake da direbobi da 'yan tireda mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, sa'ad da suka zo gida ganin iyali. An buga shi a nan saboda amfanin 'yan'uwansu da ba su sami zuwa ba. Ga abin da ya ce:

Jama'a, salamu alaikum. Duk mutumin da ya bar Gombe ya tafi Kudu neman abin kansa, babban jarinsa shi ne ƙafarsa da idonsa. Da ƙafa yake bin kasuwa, da ido yake tuƙi da ƙirga kuɗi. To, waɗannan biyun suna cikin abubuwan da ciwon sukari ya fi lalatawa in an yi sakaci da shi, tare da ƙoda da zuciya. Ran da irin wannan mutum ya kwanta kuwa, ba shi kaɗai ya kwanta ba, har da gidan da ke jiran aikensa a Jekadafari ko Bolari ko Pantami.

YADDA CIWON YAKE

Duk abincin da aka yi da hatsi ko rogo ko doya, in ya shiga ciki, narkewa yake yi ya koma sukari ya shiga jini, ko da baki bai ji zaƙinsa ba. A bayan tumbi akwai wani ɗan sashe na jiki da likitoci ke kira fankiriyas, shi ne ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin kamar na 'yan dako ne a kasuwar Tudun Hatsi, watau kwashe kaya daga bakin hanya zuwa rumbuna. In 'yan dako suka yi kaɗan, ko suka gaji, motoci kuwa ba su daina sauke kaya ba, sai buhuna su taru su toshe hanya. Haka sukari ke taruwa cikin jini, yana cin ƙananan jijiyoyi sannu a hankali.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, jikinsu ba ya yin insulin, saboda haka tilas su yi allurarsa kullum. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da wannan sinadari a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1921, masu irin wannan ba su daɗewa a duniya. Na biyu kuwa, wanda ke kama fiye da mutum tara cikin goma na masu ciwon, ya fi zuwa da gado da ƙiba da yawan zama da shekaru, kuma a kansa ne yawancin wannan jawabi yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Nijeriya kuwa, wani nazari da Dokta Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka buga cikin 2018 ya nuna cewa kusan mutum 6 cikin 100 ke da shi, kuma ya lissafa zaman birni da rashin motsa jiki da irin cimar mutane cikin abubuwan da ke jawo shi.

Alamominsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Amma fa mutum yana iya shekaru da shi bai ji kome ba. Awo ne kaɗai ke raba gardama. In aka auna jini da safe kafin a karya, aka sami 126 ko fiye, watau 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake wata rana aka sami haka, to, ciwo ya tabbata. Wanda ke da shi kuwa, yawanci ana so awonsa na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, na sa'a biyu bayan cin abinci kada ya wuce 180.

ABIN DA BIRNI YA SAUYA

A ɗauki mutum guda, alal misali, wanda ya tashi a ƙauyen Akko ko Kwami. Yana yaro yakan ci tuwon dawa da miyar kuka, ya ɗauki fartanya ya wuni a gona, abin da ya ci ya ƙone kafin la'asar. Yau yana da rumfa a Mile 12 ko a Sabo ta Badun. Da safe sai teburin mai shayi: babban kofi, sukari cokali huɗu, madarar gwangwani, da rabin burodi. Da rana teba malmala biyu, a kora da lemon kwalba. Da la'asar a jiƙa garin kwaki da sukari. Da dare taliya ko shinkafa, sa'an nan a kwanta. Tsakanin waɗannan duka kuwa yana zaune a kan benci ko a bayan sitiyari. Kaya sun ninka, 'yan dako suna nan yadda suke. Wannan mutum bai yi almubazzaranci ba, abin da ya samu kusa kuma mai araha shi ya ci. Amma jiki ba ya karɓar wannan uzuri.

GYARA NA FARKO: ABIN SHA

In mutum zai gyara abu guda tak, to, ya fara da abin da yake sha, domin sukarin da ke cikin ruwa ba ya jira, nan da nan yake shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2015 cewa ko mai lafiya kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 na sukari a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. To, ƙaramar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Saboda irin wannan ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Nijeriya. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari. Haka zoɓo da kunun zaƙi da fura da nono in an zuba musu sukari. Mai ciwo ya sha ruwa, ya sha shayi da zoɓo ba sukari. Mako biyu na farko ne ke da wuya, bayan nan harshe yakan saba.

GYARA NA BIYU: KWANO

Ba a ce mai ciwon sukari ya bar tuwo ba. Abin da aka ce shi ne ya juya tsarin kwanonsa. Bahaushe ya saba tuwo ya cika kwano, miya ta zama abin lasa. Yanzu sai a raba kwano kashi huɗu: biyu na ganye da miya, ɗaya na wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ɗaya kawai na tuwo ko shinkafa ko doya, watau kimanin dunƙulen hannun mai ci. A fara da ganyen da naman, tuwo ya zo daga baya, domin hakan yana rage saurin hawan sukari.

Ganye kuwa Allah ya hore: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, kuɓewa, kuka, karkashi, kabeji da yalo. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau ƙwarai, in ba a sa masa sukari ba. Wake kuma, wanda ake lodinsa daga Gombe zuwa kasuwannin Kudu, yana cikin abokan mai ciwon sukari, saboda a hankali yake narkewa kuma yana riƙe ciki. Abin mamaki ne mutum ya kai wa wasu tirelar wake, shi kuwa ya zauna yana cin burodi. In za a dafa shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar. Alale ya fi ƙosai, tun da ba a soya shi.

Daɗin daɗawa, gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da fulawa, domin dusar da ake zubarwa tana taimakawa wajen rage saurin narkewar hatsin. Koko da kunun da aka tace suka yi laushi kuwa suna saurin ɗaga sukari, saboda haka a sha kaɗan, a haɗa da wake ko ƙwai. 'Ya'yan itace a ci su yadda suke, lemo guda ko gwaiba ko yankin gwanda, kada a matse su a sha ruwan. Rake da mazarƙwaila da alewa, waɗannan sai haƙuri. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano su ma a rage, domin hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne.

Wanda ba shi da iyali a Kudu, sai abincin saye, shi ma yana da mafita. A wurin mai abinci ya ce a ba shi malmala ɗaya maimakon biyu, kuɗin ta biyun a ƙara masa miyar ganye ko kifi. Miyar ewedu ta Yarabawa lalo ce, ganyen ugu yana ko'ina, okpa da ake sayarwa a Inugu da Anaca kuwa da gurjiya ake yin ta. Kuɗin da ya saba kashewa shi zai kashe, rabon ne kawai ya sauya.

JITA-JITAR DA KE CUTARWA

Wasu sukan ce zuma ba ta da laifi tun da ba sukarin kanti ba ce. Zuma tana da nata amfani, amma tana ɗaga sukarin jini, haka ma dabino in an yawaita. Wasu kuma sukan bar tuwon gida su koma tuwon alkama ko acca ko ɗanyen filanten, suna ci har su ƙoshi, wai abincin masu sukari ne. Waɗannan duka sukari suke komawa a ciki, yawan abin da aka ci shi ne magana. Har ila yau akwai masu shan shuwaka da garafuni da jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha, su ajiye ƙwayar asibiti, wai ɗaci ke kashe zaƙi. Babu wani jiƙo da aka tabbatar yana warkar da ciwon sukari, wasu ma ƙoda suke taɓawa. Wanda ke shakka a kan wani abinci, gani ya kori ji: ya auna jininsa kafin ya ci, ya sake aunawa bayan sa'a biyu, na'ura za ta gaya masa gaskiya.

ABINCI DA MAGANI

Gyaran abinci ba ya ɗauke wa mutum maganin da likita ya rubuta. Tare suke tafiya, kuma likita ne kaɗai zai rage ko ya ƙara. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid kada ya tsallake cin abinci, domin sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Alamar haka ita ce rawar jiki, gumi, jiri da faɗuwar gaba. A nan ne kaɗai sukari ke zama magani: a sha cokali uku cikin ruwa nan take, sa'an nan a ci abinci. Direbobi musamman su riƙa ajiye 'yan ƙwayoyin sukari kusa da su, in sun ji haka su tsaya a gefen hanya, kada su ce sai an kai Lakwaja.

Game da azumi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciwo ya ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani. Ya jinkirta sahur, ya sa wake ko ƙwai a ciki, ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, kada ya haɗa kunu da lemo da soye-soye a zama guda. Shawarar likitoci ita ce a karya azumi in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, addini kuwa ya yi wa marar lafiya rangwame.

KO GYARAN YANA AMFANI?

Lalle yana yi, kuma an gwada an gani. A Amurka an buga sakamakon wani babban gwaji cikin 2002, wanda ya nuna cewa mutanen da sukarinsu ya fara hawa, da aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 kuwa tafiyar rabin sa'a ce kwana biyar. A Birtaniya kuma, cikin 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa su rage ƙiba ƙwarai ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun ga sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Wannan ba warkewa ba ce ta har abada, in ƙiba ta dawo ciwo yakan dawo, amma ya nuna irin ƙarfin da ke cikin kwano.

Saboda haka duk wanda ya kai shekara arba'in, ko yake da tumbi, ko wani a gidansu yake da ciwon, ya je a auna shi. A nan Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha. A Ikko akwai Asibitin Koyarwa a Idi-Araba, kusa da unguwar Hausawa, a Badun ma akwai na jami'a, ƙananan asibitoci kuma suna yin awon. Wanda ke da ciwon ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya daina yawo ba takalmi, ya kai idonsa a duba sau ɗaya a shekara. Uwargida kuma a sanar da ita, domin a hannunta muciya take, kuma tukunya guda ta isa gida duka, tun da abincin mai ciwon sukari shi ne abincin da ya dace da kowa.

Jama'a, wanda ya tafi Kudu ya tafi ne don ya dawo da abin hannunsa, a kan ƙafafunsa biyu. Allah ya ƙara lafiya, ya kai kowa masaukinsa lafiya, amin.